Wasiƙar da Na Sassauta wa Baba Arzika

Samarin da ke zaune a shagunan kwamfuta yanzu, daga Kalgo har Gwandu, suna ɗaukar rubuta wa mutane takarda aikin da ko mai gyangyaɗi zai iya. Mutum ya zo ya faɗi buƙatarsa, ka danna, inji ya fitar, ya naɗe ya tafi. Wasunsu ma ba sa jiran ya gama magana. Akwai tsohuwar takarda a cikin kwamfuta, sai su canza suna da gari su miƙa masa. Ban ce ba su da gaskiya kwata-kwata ba, don dannawar ta yi sauƙi ƙwarai a kan yadda na same ta. Sai dai a ɗan zaman da na yi cikin sana'ar, wanda ya haura shekara ashirin in ban yi kuskure ba, ban ga dannawar ce aikin ba. Aikin yana tsakanin bakin mai magana da yatsun mai rubutu. A nan ne na taɓa yin ɓarnar da nake ba duk wanda ya zo koyo wurina labarinta tun kafin in nuna masa inda ake kunna inji.

Tarihi na karanta a jami'a, a Sakkwato. Na yi hidimar ƙasa, na dawo Gwandu na zauna jiran aikin gwamnati. Da jiran ya yi tsawo sai wani kawuna ya kai ni wurin Malam Sa'idu, wanda ke rubuta wa mutane takardu a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da kotu. Kayan aikinsa ba su da yawa. Tebur ne da benci, tsohuwar tafireta, takardar kabon, ambulan, da ɗan gwangwanin tawada na dangwala yatsa. Kowace safiya sai ya goge haƙoran tafiretar da tsohon buroshi da ɗigon kananzir kafin ya yi wa kowa magana. Tafiretar ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, don haka in an gama bugawa sai a bi da biro ana yi wa kowanne ƙugiyarsa. Wannan ne aikina, ni mai digiri, na kusan wata uku. Sauran lokacin kuwa saurare.

Na tuna wani makiyayi daga wajen Dodoru da ya zo kan burtalin da wani manomi ya toshe masa. Ya yi magana mai tsawo, ya zagi manomin, ya zagi kakan manomin, ya kawo labarin saniyarsa da ta karye a rami garin zagaye. Da ya tashi shan ruwa sai Malam Sa'idu ya juyo gare ni.

"To, ɗan jami'a, mi shika so?"

Na fara bayani kan tarihin zaman manoma da makiyaya. Ya ɗaga hannu.

"Shina son a buɗe mishi hanya kahin damina. Shi ke nan. Sauran zahin rai ne. Amma zahin ran ma nashi ne, ba naka ba. Ka tambaye shi, a sa ko a bari? In ya ce a sa, ka sa. Kai hannu ne, ba baki ba."

Da makiyayin ya dawo aka tambaye shi. Ya ce a bar kakan, a sa saniyar.

Abin da Malam Sa'idu ya fi tsanantawa a kai shi ne karantawa. In an gama bugawa, sai ka juya takardar ta fuskanci mai ita, ko da bai san harafi ɗaya ba, ka ɗora yatsa a kan layi, ka karanta abin da ke ƙarƙashin yatsan, ba abin da ke cikin kanka ba. Sannan ya dangwala. Kwafin kabon kuma ka adana, kada ka jefar ko da na gaisuwa ne. Yakan ce wanda bai iya karatu ba in ya zauna a bencinka, makaho ne ya miƙo maka sandarsa.

Ni matsalata tun farko sassautawa ce. Mutum zai ce "ya cinye mini gona," ni kuma in buga "da alama an samu saɓani kan iyakar gona." A jami'a an koya mana kada mu yanke magana kan abin da ba mu da hujjarsa, kuma halina ma, a gaskiya, ya karkata can tun kafin jami'a. Takarduna da Malam Sa'idu ya yaga ba su ƙirguwa. Shi ya laƙaba mini Malam Mai-yiwuwa, sunan kuma ya biyo ni har Kalgo lokacin da ya sallame ni na kafa teburina kusa da tasha.

A Kalgo aikin ya karɓe ni daidai gwargwado. Koke zuwa ofishin ƙaramar hukuma, yarjejeniyar aron gona, takardar neman aiki, wasiƙa zuwa ga ɗan da ya tafi ci-rani kudu. Wata tsohuwa takan zo duk wata in rubuta wa ɗanta a Ibadan. Takan fara da faɗa, ta ce ya manta da ita, ta ce nonon da ya sha zai kama shi. In na juya takardar na karanta mata sai ta ce, "Kai, wa ya ce ka sa wannan? Cire." In sake bugawa, ta rage gaisuwa da labarin awaki. Ban taɓa tsallake bugun farkon ba, don sai ta ji faɗan da kunnenta take iya janye shi. Akwai kuma wasiƙun gidan rediyo. Matasa ba za su gane wannan ba, amma a lokacin, mutum ya ji an ambaci sunansa da na ƙauyensu a sashen Hausa na wani gidan rediyon ƙasar waje babban abu ne. Nakan tara irin waɗannan in kai gidan waya a Birnin Kebbi, in manna musu kan sarki, sai kuma jira.

Mutum biyu ne suka mayar da bencina majalisa a ranakun kasuwa. Ɗaya Baba Arzika, daga Diggi, tsohon maɗinki da ya koma noma. Ɗayan Ticha Yohanna, mutumin Zuru, Kirista, wanda ya koyar a firamare a Kalgo har ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Kullum yana tafe da ƙaramar rediyo a aljihun riga. Ban taɓa jin sun yarda da juna kan komai ba, ko da kan ranar da ruwan farko ya sauka ne, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya ci goro bai ɓara wa ɗayan ba.

A wata shekara aka gurfanar da wani shugaba da aka hamɓarar a wata ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙasar ba. Ba shi ne labarin ba, kuma akwai abubuwan da ban tabbatar ba. Abin da kowa ya ji dai shi ne ya daɗe yana mulki da bakin bindiga, mutane da dama sun shiga gidajen yarinsa ba su fito ba, yanzu kuma ana muhawara ko a kashe shi ko a ɗaure shi har mutuwa. Gidan rediyon ya nemi masu saurare su aiko da ra'ayinsu.

Ga sauran mutanen tasha wannan hirar cinye lokaci ce. Ga Baba Arzika ba haka ba ne. Shekaru da yawa kafin nan ya je ƙasar yin ɗinki. Ƙanensa Mamman, direban babbar mota, yakan sauka wurinsa in ya kai kaya. Wata rana jami'an shugaban suka kwashe baƙin da ke unguwar, har da su biyu. Bayan watanni aka saki Arzika aka koro shi gida. Mamman bai fito ba. Daga baya wani da suka zauna ɗaki ɗaya da Mamman ya zo har Diggi ya ce a gabansa ya cika, amma bai san inda aka kai gawar ba. Mamman ya bar matarsa da ciki. Abin da aka haifa, Hadiza, a hannun Baba Arzika ta tashi, shi ya aurar da ita a can Diggi.

Ranar da aka yi sanarwar, Ticha ya kashe rediyonsa ya ce, "Ni dai da za a ji tawa, kada a kashe shi."

"Ai daman," in ji Baba Arzika. "Kai ko sauro ya cije ka sai ka kai shi gaban hedimasta."

"Saurara, tsoho. In an rataye shi, minti nawa ne? Ya huta. Magoya bayansa su buga hotonsa su ce shahidi ne. A bar shi a ɗaki ɗaya ya tsufa, ya riƙa jin ana kiran wani shugaba."

"Ya tsuhwa shina cin tuwo? Likita na duba shi? Mamman wa ya duba shi?"

"To in ya mutu, wa zai gaya maka inda aka sa Mamman?"

"Shekara nawa shina da baki, ya hwaɗi? Wanda bai hwaɗa ba shina bisa kujera, a kurkuku za shi hwaɗa? Rai da rai, Ticha. Ba ni na ƙago ba."

"Kuma waɗanda za su yanke hukuncin, jiya ba su ne ke buɗe masa ƙofar mota ba? Sauri suke a rufe bakinsa kafin ya kira sunayensu."

Wannan ta shigi Baba Arzika. Duk da haka ya ce, "To a hwara da shi, su biyo baya. Igiya ba ta ƙarewa."

Wani direba ya sa baki ya ce duk shugaban da ya ga an kashe wannan, gobe zai ji tsoron zalunci. Ticha ya ce a'a, darasin da na gaba zai ɗauka shi ne kada ya kuskura ya sauka daga mulki da ransa, sai ya ƙara matse mutane. Mai shayi ya ce shi dai a miƙa shi ga iyalan waɗanda aka kashe, su yi yadda suka ga dama. Ticha ya ce iyalai nawa ne, alhali wuya ɗaya ne gare shi. Aka tambaye ni. Na ce kowane ɓangare yana da abin dubawa. Suka fashe da dariya, har Baba Arzika, aka ce Mai-yiwuwa ya yi magana.

Kasuwar da ta biyo, Baba Arzika ya riga Ticha zuwa, ya zauna a kan benci, ba gefen masu hira ba, gefen masu aiki. Ya ce in sa takarda. Abin da ya faɗa gajere ne, ina iya kawo shi kusan yadda yake. Ya ce shi ne Arzika daga Diggi, yayan Mamman direba. Ya ce mutanen wannan shugaba sun kama su babu laifin tsaye bare na zaune, sun kashe ƙanensa, ba su ba da gawa ba. Ya ce bai yafe ba, ba zai yafe ba, a kashe shi kamar yadda ya kashe. In kuma ana neman mai jan igiya, ga shi, ya san hanyar ƙasar.

Na buga sunansa da na Mamman daidai. Na buga labarin kamun daidai. Da na iso ƙarshen sai yatsuna suka tsaya. Na taso a zamanin soja, na ji yadda ake ɗauke mutum kan maganar da ba ta kai wannan ba. Ga sunansa, ga ƙauyensu, za a karanta duniya ta ji, a ƙasan takardar kuma ga haruffan sunana, kamar yadda Malam Sa'idu ya koya mini in riƙa sawa. Na kuma gaya wa kaina cewa gidan rediyo ba zai karanta wasiƙa mai zafi haka ba, in na sassauta ta aƙalla za a ambaci sunan Mamman. Wanne ne ainihin dalilin, tsoro ko wannan tunanin, ba zan rantse ba. Mai yiwuwa duka biyun. Abin da na buga dai shi ne: "Muna fatan hukumomi za su duba lamarin da adalci. Mu dai iyalan Mamman mun haƙura, mun bar wa Allah."

Da abin ya tsaya nan, da kuskure ne irin wanda aka saba yaga mini. Abin da ya biyo baya shi ne laifin. Na zare takardar, na juya ta ta fuskance shi, na ɗora yatsa a kan layi, na karanta masa maganarsa yadda ya faɗe ta, har da igiyar, yatsana kuwa yana tafiya a kan wasu kalmomi daban. Ya gyaɗa kai.

"Madalla. Haka nika so. Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Ya dangwala.

Na yi zaton ba za a karanta ta ba, don yawancin wasiƙun da nake kaiwa ba a karanta su. Bayan wajen mako huɗu aka karanta ta, a shirin rana, ranar da ba kasuwa. Ni ban ji ba. Diggi ta ji.

Abin da ban yi tunaninsa ba, duk da karatun nawa, shi ne wannan. Jinin wanda aka kashe yana da masu shi. Malamai sun fi ni sanin dalla-dallar hukuncin, amma ko yaro a wurinmu ya san ba a yafe jinin mutum a bayan 'yarsa. "Mun haƙura" kuwa in ta fito daga bakin dattijon gida a bainar jama'a, yafewa ce, ba a janye ta. Hadiza tana tsakar gida ta ji an ce Arzika na Diggi, a madadin iyalan Mamman, ya haƙura. Aka ce ta ajiye abin da ke hannunta, ta tafi gidan da ta tashi, ta tsaya daga zaure ta ce, "Baba, ka yahe jinin ubana a rediyo, ina raye, ba ka tambaye ni ba?" Ya rantse mata bai faɗa ba. Ta ce da kunnenta ta ji. Daga ranar ta daina zuwa gaishe shi. Geron da ya aika mata ma ta mayar masa.

Ranar kasuwa ya iso teburina idonsa ja, Ticha na biye da shi.

"Mai-yiwuwa, sa takarda. Mutanen rediyon nan maƙaryata ne. Sun juya mini magana. Ɗiyata ta ruhe mini ƙohwa saboda su. Rubuta musu, ka ce Allah ya isa."

Ticha ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, don ya daɗe yana sauraronsu bai san su da haka ba.

A nan zan gaya wa masu koyo wani abu game da sana'ar nan. Hanyar tsira kusan kullum a buɗe take, domin kai kaɗai ka san abin da ke cikin takarda. Da na buga wannan koken na kai, ba amsar da za ta zo, magana ta mutu a kan mutanen da ke wata ƙasa. Na sa takarda da kabon. Na buga adireshi. Na buga gaisuwa. Sannan na tsaya, na jawo jakar kwafe-kwafe daga ƙarƙashin tebur. Ba zan kira shi jarumta ba. Ina ganin abin da ya tsayar da ni shi ne sanin cewa in na gama, sai na sake juya masa takarda in ɗora yatsa. Na zaro kwafin na miƙa wa Ticha na ce ya karanta da ƙarfi.

Ticha ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe. Ya cire tabarau ɗin, bai dube ni ba.

Baba Arzika ya ce, "Sake na ƙarshen."

Ya sake.

"Wagga ce na dangwala wa yatsa?"

Na ce ita ce.

"Da ka aza yatsa kana karantawa, mi kaka karantawa?"

Na ce maganarsa nake maimaitawa da ka. Na fara kawo dalilai, ya ɗaga hannu, irin ɗagawar Malam Sa'idu.

"Wata bakwai na yi a ɗakin mutanen can," ya ce. "Kullum sai sun kawo takarda sun ce in dangwala, ban san mi ke ciki ba. Ban dangwala ba. Taka na dangwala."

Bai zage ni ba. Ya ce in ɗauki tafireta, Diggi za mu.

Muka hau kabu-kabu uku, tafiretar a kan cinyata. A zauren gidan mijin Hadiza aka shimfiɗa tabarma. Mijin ya zauna, maƙwabta biyu uku suka leƙo, ita kuma ta tsaya daga ƙofar ciki da goyo a bayanta. Ticha ya karanta kwafin. Ni na faɗi abin da Baba Arzika ya ce da bakinsa, na faɗi abin da na buga, na faɗi yadda na karanta masa. Wani maƙwabci ya ce, "Yo wannan boko ne ko ha'inci?"

Hadiza ta ƙaraso cikin zauren. Sannan ta durƙusa ta gaida Baba Arzika, gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida ta tambayi gona. Na ɗauka an gama. Sai ta ce, "To, Baba, ashe cewa ka yi a kashe shi."

"Awo."

"Nan ma ba ka tambaye ni ba."

Ta juyo gare ni.

"Malam mai rubutu," ta ce da ni, "tunda ka zo da keken naka, rubuta tawa. In ka ƙara ko gishiri, ga Ticha nan."

Aka kifa turmi na ɗora tafireta. Ga abin da ta faɗa, kwafin yana wurina har yau: "Ni ce Hadiza ɗiyar Mamman direba, daga Diggi. Ban taɓa ganin ubana ba. Ban haƙura ba. Ban ce a kashe shi ba tukuna. A tambaye shi inda aka sa ubana, in ya faɗa a aiko mini. Sannan a zo a tambaye ni abin da za a yi da shi."

Na juya takardar, na ɗora yatsa, na karanta. Ticha ya karɓa ya sake karantawa. Ta dangwala. Kafin mu tashi Ticha ya ce wa Baba Arzika ai ga shi 'yar tasa ta bi bayan Ticha. Baba Arzika ya ce ƙarya ne, jinkirtawa kawai ta yi. Suna wannan Hadiza ta shiga ciki ta aiko musu da fura.

Washegari na kai wasiƙar gidan waya. Ba a karanta ta ba, a iya sanina, don shirin ya riga ya wuce zuwa wata magana. Hukuncin da aka yanke wa mutumin daga baya kowa ya ji, tsofaffin biyu kuma suka ci gaba da gardama a kansa wajen shekara guda. Inda aka sa Mamman, ba wanda ya aiko.

Labarin ya zagaya tasha, ba shakka. Wasu suka ɗauke aikinsu suka riƙa kai shi Birnin Kebbi, ban kuma ga laifinsu ba. Na je Gwandu na gaya wa Malam Sa'idu da kaina kafin ya ji a bakin wani. Ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kabon ɗin hwa, ka aje?" Na ce na ajiye. Ya ce, "To, ka koyi rabin aiki."

Ba wannan ce mummunar shekarar ba. Mummunar ta zo ne lokacin da wayar hannu ta kai ƙauyuka. A damina ɗaya wasiƙun gaisuwa suka ƙafe. Tsohuwar nan mai ɗa a Ibadan ta wuce ta gaban teburina da waya a kunne, tana yi masa faɗan da yanzu ba mai cire mata, ta ɗaga mini hannu. Masu rediyo suka koma karɓar saƙon waya. Zaren tawadar tafireta ya yi wuyar samu, har na koma shafa wa tsohon tawada da auduga. Akwai makonnin da ban sa takarda ba sai ranar kasuwa. Malam Sa'idu ya rasu a wannan tsakanin, teburinsa kuma ba wanda ya gada. Ni na lallaɓa na koyi kwamfuta, na kama rabin shago. Abin da ya rage a sana'ar shi ne abin da waya ba ta yi, wato yarjejeniya, koke, rabon gona, duk takardar da ake dangwala wa yatsa. Su ne kuwa takardun da ƙarya ɗaya a cikinsu ke raba gida.

Abin da ban zata ba shi ne Baba Arzika bai bar teburina ba. Kasuwa biyu bayan zuwanmu Diggi ya dawo da maganar aron gona. Ya zauna, ya ciro carbi. Ya ce daga yau kowace magana da ya faɗa, a layinta za ta zauna ita kaɗai. In ya faɗi ɗaya sai ya ja ƙwaya ɗaya. In na gama sai ya bi layukan da yatsa yana mayar da ƙwayoyin. In sun yi daidai sai Ticha ya karanta, sannan ya dangwala. Na san ƙirga layi ba zai hana mai niyyar ha'inci ba, ina jin shi ma ya sani. Da Ticha ya kwanta ciwo 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi Zuru, sai ya rage carbin kaɗai. Bai bari ba. Da na koma kwamfuta ma sawa ya yi na ƙara girman rubutu don layukan su fito masa sosai.

Takarda ta ƙarshe da na buga masa ta kyautar gona ce, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Ya ware wa Hadiza fadamar da ya ce da Mamman na raye tasa ce. Ita ta kawo shi, tana riƙe da hannunsa, don ƙafa ta ƙi. Magana goma sha huɗu ya faɗa. Na buga, inji ya fitar, na juya takardar na ɗora yatsa na karanta. Ya karɓa, ya kusanto da ita ga idonsa, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da ƙwayoyin carbin. Goma sha huɗu.

Ban san abin da ya sa na yi magana ba. Na ce, "Baba, shekara nawa ke nan, ba ka taɓa samun ƙari ko ragi ba."

Ya miƙo babban yatsansa in shafa masa tawada.

"Awo," ya ce. "Don ina ƙirgawa."